Muhawara: wai za a iya renon Glomus a bokiti da ruwan sukari?

Auwalu Mai Taki: Slm jama'a. Ga maganar da nake ta faɗa tun damina ta wuce, wannan funfunar ƙasa da ake ce wa Glomus, mai shiga saiwar gero da dawa tana jawo musu abinci, ba sai mun jira kamfani ya kawo mana ita a leda ba. Ka ɗebi ƙasar ƙarƙashin gawo cikin tafi biyu, ka zuba a bokiti da ruwa da sukari ko ruwan rake, ka rufe mako guda, za ka ga sama ta yi fari fat da kumfa, toh ita ce ta hayayyafa. Ka yayyafa a gona ka manta da supa, takin nan na fosfaras. Hujjata kuwa masana da kansu sun ce dangin funfunar burodi ce, ita kuwa funfunar burodi kowa ya san sukari take ci.

Baba Ɗanjuma: Idan haka ne ai mun huta, buhun taki ya fi ƙarfin talaka yanzu. Dakta me za ki ce?

Dakta Hadiza: Baba ina wuni. Wlh na so a ce gaskiya ne don na san halin da ake ciki, amma abin da ya taso a bokitin Auwalu ba Glomus ba ne kuma ba zai taɓa zama shi ba. Duk dangin nan na Glomeraceae, wato su Glomus da Rhizophagus da Funneliformis, ba sa rayuwa sai da saiwa mai rai. Ƙwayar irinsu za ta iya tsirowa ita kaɗai a ƙasa ta miƙa ɗan zare, amma in ba ta ci karo da saiwa ba sai ta tsaya cik. Abin da ya yi fari a bokitin yis ne da bakteriya da funfunar da ke cin ruɓaɓɓen abu, su ne sukari yake yi wa daɗi.

Auwalu Mai Taki: Anti Dakta da girmanki, amma ba ki taɓa hujjata ba. Dangin funfunar burodi ce ko ba dangi ba ce?

Nafi'u: Yaya Auwalu bari in shigo nan don mun karanta wannan a aji. Da can an haɗa su da funfunar burodi a rukuni ɗaya mai suna Zygomycota saboda zarensu iri ɗaya ne, dogon bututu ne mara shinge a ciki. A 2001 Arthur Schüßler da Christopher Walker da abokin aikinsu suka duba DNA suka ce a'a, waɗannan daban suke, suka ware musu babban rukuni nasu Glomeromycota. Sai kuma a 2016 Joseph Spatafora da tawagarsa suka duba ƙwayoyin gado masu yawa a lokaci guda suka ce ashe dai akwai kusanci, suka sa su ƙarƙashin Mucoromycota da sunan Glomeromycotina, har yau kuma akwai masanan da ba su yarda ba suna nan kan sunan 2001.

Auwalu Mai Taki: Yauwa! Ka ga kenan an dawo inda nake. Mucoromycota ai nan funfunar burodi take.

Dakta Hadiza: Nan take, ban musa ba. Amma Auwalu rukunin nan faɗinsa ya wuce yadda kake ɗauka. Ka san wuta-wuta da riɗi a babban jeri ɗaya suke wajen masana tsirrai, Lamiales? Toh je ka shuka wuta-wuta ita kaɗai a gona ba dawa ba gero ka ga ko za ta yi kai. Kakanni ɗaya ne amma ɗaya ta koma rayuwa a jikin wani. Su Glomus sun rabu da sauran tun da daɗewa ƙwarai, a wani dutse da ke Rhynie a Sikotlan an samu tsirrai na farko-farko da suka daskare shekara sama da miliyan 400, kuma a cikinsu ga irin rassan nan da funfunar take yi a cikin tsiro har yau. A tsawon wannan zama da tsirrai ta zubar da kayan aiki da yawa, da aka karanta ƙwayoyin gadon Rhizophagus irregularis a 2013 sai aka tarar kusan ba ta da sinadaran narka ganye da itace, daga baya kuma aka gane ba ta da injin haɗa kitsen jikinta, a 2017 aka tabbatar tsiron ne yake ba ta kitsen ba sukari kawai ba. Wannan shi ne ya kashe maganar bokiti, ko buhun sukari ka juye ba za ta iya mai da shi kitse ba, alhali ƙwayar irinta cike take da ɗigon mai.

Hajiya Rabi: Ikon Allah. Ni tambayata, ita ce waɗannan ƙulle-ƙullen da nake gani a saiwar wake da gyaɗa in na tuge?

Nafi'u: A'a Hajiya waɗancan bakteriya ne, Rhizobium, su iska suke kamawa su mai da ita abin da yuriya ke bayarwa. Ita wannan ba a ganinta da ido, sai an wanke saiwa an rina ta an sa a madubin lab.

Auwalu Mai Taki: To Aflasafe fa, maganin nan na rage guba a amfanin gona? Funfuna ce, kuma a kan ƙwayar dawa ake ɗora ta a watsa a gonar masara da gyaɗa, masu binciken noma na cibiyar IITA suka yi shi ba ni ba. Me ya sa waccan ta yarda wannan ba za ta yarda ba?

Dakta Hadiza: Tambaya mai kyau, kuma a nan ne amfanin rabe-raben yake fitowa. Aflasafe Aspergillus flavus ne irin wanda ba ya yin guba, daga rukunin Ascomycota, cin matacciyar ƙwaya shi ne sana'arsa. Trichoderma ma haka, za ka rene ta a dafaffiyar shinkafa ta yi kore shar. Sunan rukunin yana gaya maka me abu yake ci da yadda za ka rene shi. Kuma tunda ka ambaci Aspergillus, ka sani ɗan'uwansa mai gubar yana cikin ƙasarmu, kai kuma ba ka da hanyar sanin wa ka ciyar a bokitin nan kafin ka watsa a gyaɗar mutane.

Nafi'u: Amma Anti don a yi wa Yaya Auwalu adalci, akwai masu bincike a Japan da suka nuna a 2020 cewa in aka ba Rhizophagus irregularis wani kitse da ake kira miristet tana girma har ta yi ƙwayar iri ba tare da saiwa ba.

Auwalu Mai Taki: Allah ya yi maka albarka Nafi'u, kun ji ko!

Dakta Hadiza: Gaskiya ne an yi, kuma babban aiki ne. Sai dai a faranti ne da aka kashe duk wata ƙwayar cuta a ciki, da abinci da aka auna, ƙwayoyin irin da suka fito ma ƙanana ne ba su kai na asali ba, kuma lura kitse suka ba ta, wato sun ƙara tabbatar da abin da na faɗa ne. Kamfanonin da ke yin ta da gaske ko dai a saiwar karas suke renonta cikin kwalba, hanyar da Bécard da Fortin suka fito da ita a Kanada a 1988, ko a tukwane da tsiro mai rai.

Malam Isuhu Maraɗi: Assalamu alaikum, ina biye da ku. Ni abin da ya fi damuna ba bokitin ba ne, cewar da aka yi a manta da supa. Ƙasarmu ta jigawa fosfaras ɗinta kaɗan ne tun asali, abin da masu bincike na ICRISAT a Sadore kusa da Yamai suka daɗe suna faɗa kenan, shi ya sa suka koya mana sa ɗan taki cikin marfin kwalba a ramin shuka. In mutum ya ji wannan magana ya bar ko ɗan wannan, geronsa zai gaya masa.

Dakta Hadiza: Malam Isuhu ka taɓo inda ya fi muhimmanci. Funfunar ba ta ƙirƙirar fosfaras, ɗauko shi take yi. Fosfaras ba ya tafiya a ƙasa, saiwa tana shanye na kusa da ita milimita ɗaya zuwa biyu sai wurin ya zama fanko, zaren funfunar kuma ya fi gashin saiwa siranta nesa ba kusa ba, yana kutsawa santimita da yawa ya shiga ramukan da saiwa ba ta isa ba ya kawo. A cikin saiwar yakan shiga ɗakin ƙwayar halitta ya yi rassa kamar ƙaramar bishiya, a nan ake musayar, kwanaki kaɗan rassan su narke a yi sabbi a wani ɗakin. Tsiron yana biya, har kashi 20 cikin 100 na abincin da ganyensa ya haɗa yana iya tafiya wajenta. Gonar da aka shekara ashirin ana kwashe amfani da kara ba a mayar da komai, me za ta ɗauko? Ɗan takin nan na marfin kwalba da takin gargajiya sun fi dacewa da ita ma, don in aka labta supa da yawa tsiron rufe mata ƙofa yake yi.

Baba Ɗanjuma: Yaya tsiro zai rufe ƙofa kuma?

Dakta Hadiza: Baba in dawa ta ji yunwar fosfaras saiwarta tana fitar da wani sinadari, sitirigolakton, don kiran funfunar, Akiyama da abokansa suka gano a 2005 cewa shi ne sinadarin da funfunar take amsawa. In ta ƙoshi sai ta rage. Abin da zai ba ka mamaki wannan sinadarin dai shi ne irin ƙuduji, wato wuta-wuta, yake jira a ƙasa shekara da shekaru kafin ya tsiro, sunan sinadarin ma daga Striga, sunan wuta-wuta wajen masana, aka ciro shi. Shi ya sa wuta-wuta ta fi cin gonar da ta gaji, dawar tana ta kiran mai taimako ne ɓarawo yana jin kiran. A arewacin Kamaru an gwada sa wa dawa da masara wannan funfunar a gona kuma wuta-wutar da ta fito ta ragu, ba ta ƙare ba amma ta ragu.

Baba Ɗanjuma: Wannan kam na gani da idona, inda shanu suka kwana ƙuduji ba ya yawa.

Auwalu Mai Taki: Duk na ji, amma ni masarar da na yayyafa wa ta fi ta gefenta kore, wannan ba a littafi na karanta ba.

Malam Isuhu Maraɗi: Ɗan'uwa ƙasar ƙarƙashin gawo ka ɗebo fa, inda ganye ke zuba da damina dabbobi su sha inuwa da rani su bar kashi. Ko ba sukari za ta yi aiki.

Hajiya Rabi: To Dakta mu da muke son abin, yaya za mu yi? In sayi na leda in sa wa kabejina?

Dakta Hadiza: Hajiya kabeji kam kada ki ɓata kuɗinki, danginsa ba sa hulɗa da ita sam. Albasa da tattasai da tumatir suna yi, albasa ma ta fi kowa buƙata don saiwarta ba gashi sosai. Na leda kuma a yi hattara, an gwada irinsu da yawa daga ƙasashe daban-daban aka tarar mafi yawansu ba su kama saiwa ba, ga kuma zafin shagunanmu. In kin ga an rubuta Glomus intraradices ko Glomus mosseae tsofaffin sunaye ne, tun 2010 wanda ake sayarwa ya koma Rhizophagus irregularis ɗayan kuma Funneliformis mosseae. Hanyar gida ita ce ki ɗebo ƙasa da ƙananan saiwoyi daga saurar da ba a nomawa, ki gauraya da yashi a buhu, ki shuka dawa ko masara da wake a ciki wata uku zuwa huɗu ba supa, sai ki daina ban ruwa ya bushe, ki yanke kan ki daddatse saiwar ki cakuɗa da ƙasar, ita za ki riƙa sa wa a ramin dashe. A gona kuma tana nan tun asali, yawan kaftu mai zurfi da barin fili tsirara shi ke tsinka zarenta.

Auwalu Mai Taki: Ni dai ban sauka ba tukuna. Bana zan ware kunya uku, ɗaya ruwan bokiti, ɗaya ƙasar gawo zalla ba sukari, ɗaya buhun Anti Dakta, duk ba supa.

Malam Isuhu Maraɗi: Ƙara ta huɗu wadda ba a sa mata komai ba, da ta biyar mai marfin kwalba, in ba haka ba ba za mu san me muke kwatantawa ba. Kuma kar ka sayar wa kowa da ruwan nan kafin kaka.

Nafi'u: In masarar ta kai mako shida ka tugo min uku-uku daga kowace kunya Yaya, ƙananan saiwoyi sirara nake so ba manyan ba, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ka rubuta lamba kar ka gaya min wacce ce wacce. Zan dafa su a ruwan fotash in rina da tawada da binega, in ƙirga kashi nawa na saiwar funfunar ta kama a kowace, sai in turo hotunan nan kowa ya gani.