Watandar Kirsimeti ko buhun dawa ga waɗanda aka koro?

Shugaban matasa, Zuru:
Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Maganata tana da nauyi, a yi mini haƙuri. Ina ganin bana a soke watandar naman sa da ankon Kirsimeti, kuɗin a sayi dawa da barguna a kai wa waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba. Jiya a kasuwa na ga wata uwa tana tsince hatsin da ya zube a gindin masu awo, tana hure ƙasar, tana ƙullewa a bakin zani. Mu kuma muna zaman zaɓen launin atamfa. Yaƙub 2:15-16 ya tambaye mu amfanin ce wa mai yunwa ya sauka lafiya ba tare da an ba shi komai ba. Biki a irin wannan shekara ba godiya ba ce.

Baba dattijon ikilisiya, Dabai:
Ɗana, tausayinka na gaske ne, amma ban yarda ba. Karanta Habakuk 3:17-18. Ɓaure bai yi toho ba, gona ba ta ba da abinci ba, garke babu ko saniya ɗaya, duk da haka annabin ya ce zai yi murna da Ubangiji. Tun kafin bishara ta iso ƙasar nan kakanninmu Lelna, wato Dakarkari, suke yin bikin Uhola bayan an kai amfani gida, domin sun san ba hannunsu ne ya saukar da ruwa ba. 'Yan bindigar nan sun ƙwace mana gonaki da shanu. Sai kuma mu miƙa musu ranar haihuwar Mai Ceto da hannunmu?

Malamar asibiti, Birnin Kebbi:
Baba, da girmanku, Habakuk ya yi murna ne da hannu wofi, bai yanka sa ba. Ni anko ne ya fi damuna. Na san matan da suke cinye kwasar adashinsu a kan atamfa da ɗinki, Janairu ya zo babu kuɗin makaranta. Ga hunturu ya shigo, yaran da ke kwana a kan siminti ba mayafi su ne ake kawo mana da tari da ciwon haƙarƙari.

Mama uwar zumunta, Zuru:
'Yata, bari in tsaya wa matana. Wa yake dafa abinci idan an yi rasuwa? Wa ya bi gida gida da kwarya yana tara mudu mudu tun farkon kaka? Zumuntar mata ce. Ba mu jira Disamba ba. Matar da ta yi shekara tana surfe da ɗaukar itace, rana ɗaya ta ɗaura sabon zani ta yi wa Allah rawa, shi ne laifi? Ba mu taɓa tilasta wa kowa anko ba.

Malamar asibiti:
Mama, ba a tilastawa da baki. Amma wadda ba ta da shi a kujerar baya take zama, wata ma ba ta zuwa sujada ranar.

Baba dattijo:
Akwai abin da kuka manta. A ƙasar Zuru da wuya ka sami zuriyar da babu Kirista da Musulmi a cikinta. Ƙanena Musulmi ne, da layya cinya yake aiko mini, da Kirsimeti jikokina ke kai masa shinkafa da nama. Idan babu watanda, me zan aika? Kuma bana akwai dalilin godiya. Ranar 17 ga Nuwamba 2025 aka kwashi 'yan mata 25 a makarantar Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Coci da masallaci duk an yi ta roƙo, kafin watan ya ƙare yaran suka dawo. Ku tuna ɗaliban Birnin Yauri da aka ɗauka a Yuni 2021, waɗansunsu sai da suka kusa shekara biyu a daji. Kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya kaɗai ya komo da godiya. Ba na so mu zama cikin taran.

Wata gwauruwa daga yankin Wasagu:
Na daɗe ina karantawa, na ce bari in sa baki tunda da mu ake. Ni ce irin waɗanda kuke magana a kansu. Mun bar dawa a tsaye ba mu yanka ba, ɗaki ɗaya muke ciki da yara huɗu a gidan ƙanwar mijina. Ɗana shugaban matasa, Allah ya yi maka albarka, amma kada ku soke biki saboda mu. Idan kuka soke, yarana za su san cewa su ne suka hana yaran gari cin nama. Dawa muna so, bargo muna so, ba zan ɓoye ba. Amma ƙaramar tawa tun Nuwamba take koyon waƙar mala'iku da makiyaya, tambayarta kullum ita ce ko za a bar ta ta tsaya da mawaƙan yara. Abin da ya yi mini ciwo daban ne. Ran Lahadin godiyar kaka aka yi ta kiran suna a lasifika, wane buhu uku, wane akuya, ana tafi. Ni tiya ɗaya na ƙullo a leda, wadda na samu a aikin sussuka. Da na ji ana kiran buhuna, sai na tura ta ƙarƙashin benci, na koma da ita gida.

Shugaban matasa:
Mama, ki yafe mana. Batun soke watanda na janye. Amma kiran suna kam sai an daina. Matiyu 6:3 ya ce kada hagu ta san abin da dama take bayarwa, a Markus 12 kuma anini biyu na gwauruwa Yesu ya yaba, ba na masu zuba da yawa ba.

Ma'ajin ikilisiya:
Ƙanena, a yi hattara. Ni nake riƙe littafin. Ana karanta suna ne domin kowa ya ji kayansa sun shiga lissafi, kada gobe a ce ma'aji ya karkatar da buhu. Kuma gaskiya ita ce idan wani ya ji maƙwabcinsa ya kawo biyu, shi ma yana ƙarawa. Daga hatsin nan ake ciyar da masu bishara na ƙauye.

Malamar asibiti:
To a ba kowa rasit, a karanta jimla kawai. Baikon da sai an ji na maƙwabci ake ƙara shi, wa aka ba?

Baba Fasto:
Salama. A Nehemiya 8:10 jama'a suna kuka, aka ce musu su je su ci mai maiƙo, su sha mai zaƙi, su aika wa wanda ba shi da komai rabonsa. Maimaitawar Shari'a 16:14 ta sa baƙo da maraya da gwauruwa cikin masu murnar idi, ba a bakin ƙofa ba. Yesun da muke bikinsa ma da dare Yusufu ya gudu da shi Masar saboda Hirudus. Zan kai wa dattawa shawarar a yanka sa, a ƙara kashi a watanda domin gidajen baƙinmu, kuma a kai musu har gida. Kiran suna ni ma ya daɗe yana damuna.

Ma'aji:
Baba Fasto, zan bi abin da dattawa suka yanke, amma a rubuta cewa ban goyi bayan daina karanta suna ba.

Mama uwar zumunta:
Anko mun riga mun biya rabi, ba zai soku ba. 'Yar'uwata ta Wasagu, turo mini yarinyar gobe da yamma wajen koyon waƙa, ki zo da tiyar nan taki, ni da ke za mu kai ta gaba ran Lahadi.