Kwanon da ba a buga masa ƙusa ta sama: ya dace da Kano ko tsada ce kawai?

Alhaji mai shago a Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Ina gina sito a Sharada, kuma ina so in sake rufin gidana na Hotoro kafin damina. Wanda ya zana mini ginin ya dage sai in sa kwanon nan da ake kira sitandin sim, wanda ake haɗa bakin falle da falle a ninke shi a tsaye, ba a ganin ƙusa ko ɗaya. Wai ba zai taɓa yoyo ba. Ni dai a ganina wannan kayan ƙasashen ƙanƙara ne. Mu da ruwanmu bai wuce na wata huɗu zuwa biyar ba, dogon kwanon alminiyam ya ishe mu. Ku faɗa mini gaskiya.

Kafinta daga Kurna: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ni ina bayanka. Dogon kwano mai kaurin milimita 0.55, a kan katako mai kyau, zai yi maka shekaru ba ka waiwaye shi ba. In falle ɗaya ya lalace, kowane kafinta zai cire ya sa wani kafin azahar. Wancan kuwa sai an warware ninkin, kuma masu hannun yin sa ba su da yawa a garin nan.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ka duba ruwa ka manta da rana. Abin da ke kashe rufi a Kano zafi ne, damina zuwa take yi ta tona asirin ɓarnar da bazara ta riga ta yi. A watan Afrilu zafin gari kan haura digiri 40, kwanon da ke cikin rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, da asuba kuma ya huce. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Fallen alminiyam mai tsawon mita 10, in zafinsa ya sauya da digiri 50, yana ƙara tsawo fiye da santimita 1. Na ƙarfe yana yin kusan rabin haka. To ka ɗauki wannan fallen ka kafe shi da ƙusa a wurare da yawa, ina motsin zai tafi? A bakin ramin ƙusar zai ƙare. Kullum yana ja yana saki, ramin yana faɗi, robar da ke ƙarƙashin hular ƙusar tana bushewa tana tsagewa. Shi wancan kwanon da wasu maƙalai ake riƙe shi ta ƙarƙashin ninkin, ba a huda fuskarsa, kuma a dogon falle ana sa maƙalan da ke barinsa ya zame gaba da baya. Saboda haka ni a wurina garin zafi ma ya fi bukatarsa.

Hajiya daga Gyaɗi-Gyaɗi: Injiniya, Allah ya saka da alheri, ka faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Duk shekara in an yi ruwan farko sai na ga tabo a silin, a kira mai gyara ya bi kan ƙusoshi da gam, baɗi kuma ya ɓullo ta wani wuri. Shi kansa takawar da yake yi a kan kwanon wata ɓarnar ce. Kuɗin fenti da na silin da na kashe, da tun farko na zuba su a rufin da ya fi mini.

Baba daga Jakara: 'Ya'yana, ni a ɗakin soro na tashi, azara da ƙasa da indararo. Aikinsa yaɓe kafin damina, amma da rana tsaka za ka kwanta a ciki ka yi barci. Tambayata ɗaya ce, shi wannan sabon kwanon yana rage zafi?

Injiniya: A'a Baba, duk wanda ya ce maka haka talla yake yi. Ƙarfe ƙarfe ne. Abin da ke rage zafi shi ne launi mai haske, da abin tare zafi da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kwano, da kafar da iska za ta fita tsakanin kwano da silin. Baƙin kwano da mai ruwan toka mai duhu da ake yayi yanzu, kowane iri ne, zafi yake tarawa.

Mai haɗa sola: Ku ba ni dama in sa baki. Alhaji, ai sito a Sharada ba zai rasa sola ba. A kan kwanon da aka saba, dole mu huda mu ɗaura ƙarafan da za su riƙe farantan sola, kuma kowane rami wata ƙofar yoyo ce. A kan mai tsayayyen ninki akwai matsi da ke kama ninkin kawai, ba ma huda komai.

Kafinta daga Kurna: Duk na ji, amma maganar "ba zai taɓa yoyo ba" ban yarda da ita ba, kuma ina so Alhaji ya ji wannan da kyau. Yawancin gidajen da nake zuwa gyara, ba a tsakiyar falle ruwa ke shiga ba. Yana shiga ta inda kwano ya haɗu da bango, da inda gangare biyu suka haɗu, da makwararar da ake ɓoyewa bayan katangar saman gini. Ƙurar hunturu da leda su taru su toshe ta, ruwan Agusta ya zo ya rasa hanya ya koma ƙarƙashin kwano. A nan tsadar kwano ba ta ceton kowa. Sannan iskar farkon damina da ke yaye rufi, sau da yawa da katakon gaba ɗaya take tashi, don ba a ɗaure shi da rodi a jikin linta ba, ko gara ta riga ta cinye shi.

Injiniya: Malam, wannan gaskiya ce tsantsa. Shi ya sa zan raba wa Alhaji maganar gida biyu. Siton yana da dogon gangare, marar tsayi, ba kwana-kwana, ga kaya masu tsada a ƙasa, ga sola a sama. A nan zan sa mai ninkin ba tare da shakka ba, a kan ƙarfe maimakon katako. Gidan Hotoro kuwa, in rufinsa mai kusurwa da yawa ne, aikin yanka da haɗi zai yi yawa, kuma a nan ne hannun da bai ƙware ba ke ɓata shi.

Hajiya daga Gyaɗi-Gyaɗi: Ni dai ko gida ne shi zan sa. Wanda bai kwana yana tara ruwa a bokiti a tsakar ɗaki ba, shi ne zai ce ramin ƙusa ƙaramin abu ne.

Alhaji mai shago a Kwari: Na gode ƙwarai. A siton na karkata ga maganar Injiniya, na gida kuwa har yanzu ina tare da Malam kafinta. Amma ta yaya zan gane mai aikin ya iya?

Kafinta daga Kurna: Kada ka yarda da hoto a waya, Alhaji. Ka ce ya kai ka rufin da ya yi wanda ya sha damina biyu ko fiye, ka tambayi mai ginin da bakinka. Ka hau ka duba ninkin da inda kwano ya haɗu da bango. Ranar da za a kawo kaya kuma, a auna kaurin kwanon a gabanka kafin a sauke daga mota, don abin da ke rubuce a rasit ba kullum yake daidai da abin da aka ɗauko ba.