Haɗa lidoken da bufibaken a sirinji ɗaya: ya fi ko bai fi ba?

Nas mai ba da maganin barci: Assalamu alaikum. Ina da maganar da nake so mu tattauna. A wajena, in za a kashe hannu don tiyata, babu kamar a haɗa magungunan kashe jijiya biyu, lidoken da bufibaken, rabi da rabi. Na farkon ya kama da wuri, na biyun ya riƙe majinyaci har dare. Jiya ma haka na yi wa wani ɗan acaɓa da ya karye a tsintsiyar hannu. Ta hammata na bi, cikin minti 15 aka fara aiki.

Babban likitan sa barci: Wa alaikumus salam, Sista. Ni ma na daɗe ina yin haka kafin na bari. Da kin haɗa su, kowanne ya sirka ɗan'uwansa, ƙarfin bufibaken ya ragu da rabi. An gwada wannan a Amurka, an wallafa a 2011: mefibaken, wanda yake kusa da lidoken, aka haɗa da bufibaken a allurar wuya ta aikin kafaɗa. Haɗin bai fi bufibaken zalla saurin kamawa ba, amma ya riga shi sakewa. Wanda ya kamata ya kwana lafiya, sai zafi ya tashe shi da tsakar dare.

Nas: Ranka ya daɗe, su da na'urar hoto suka yi, suna kallon jijiyar suna zuba maganin a jikinta. Ni ba ni da ita. Sai na zuba mil (mililita) 30 kafin in tabbata ya game. Mutum mai kilo 60, iyakarsa miligiram 120 na bufibaken, wato mil 24 na mai kashi 0.5. Da me zan cike sauran?

Babban likita: Da ruwan gishiri. Ki sirka shi ya koma kashi 0.375, miligiram 120 ɗin nan za su ba ki mil 32. Kuma abin da ya fi damuna ke nan: gubar magungunan biyu taruwa take yi, ba kowanne da nasa lissafin ba. Mil 15 na lidoken mai kashi 2 miligiram 300 ne, cikin 420 da aka yarje wa mai kilo 60 in akwai adirenalin, wanda ke rage saurin shigar maganin cikin jini. Ki ɗora sauran mil 15 ɗin, wato miligiram 75 na bufibaken, a kai, kin wuce iyaka. Tun 1979 aka fara jan hankalin likitoci cewa bufibaken na tsayar da zuciya, kuma tayar da ita na da wuya ƙwarai.

Nas: Mai kashi 1 nake amfani da shi, Yallaɓai, ba mai kashi 2 ba.

Babban likita: To kina bakin iyaka daidai. Dattijo ko mai ciwon hanta ba zai ɗauka ba.

Likitan ƙashi: Ku ba ni dama. Ni ina bayan Sista a abu ɗaya: ba ma iya jiran minti 30 alhali mutum 6 na layi. Amma maganin wannan shi ne a yi allurar tun ana aikin wanda ke gaba. Sannan ba kullum nake son hannu ya daɗe a mace ba. Karayar damtse mai kumburi, zafin da ya wuce kima ne ke nuna mini jini ya fara toshewa. Aikin minti 40, lidoken da adirenalin sun ishe ni.

Mai harhaɗa magunguna: Dakta, a duba abin da ke kantar ma. Sau da yawa Marcaine ɗin (wato bufibaken) da ake kawo mana mai sukari ne, na allurar baya, ba na jijiyar hannu ba. Rofibaken, ɗan'uwan bufibaken, ya fi sauƙi ga zuciya, amma tsada gare shi, ba kasafai ake samu ba. Tambayata: wa ke da Intralipid mai kashi 20, wato makarin gubar waɗannan magunguna, a ɗakin tiyatarsa yau?

Babban likita: In gubar ta bayyana, mil 1.5 na Intralipid ga kowane kilo ake fara turawa. Kada a jira jijjiga: da majinyaci ya ce leɓɓansa sun mutu ko kunnensa na ƙara, a tsayar da allura.

Nas: Ba mu da Intralipid, gobe zan rubuta a sayo. Zan gwada bufibaken mai kashi 0.375 a mako mai zuwa, in riƙa rubuta lokacin kamawa da na sakewa. Amma in babu wanda zai tsaya kan majinyacin da aka yi wa allura a waje, Dakta, ban ga yadda zan bar haɗin ba.