Shawarwari ga mai niyyar ziyartar garin masu haƙar kuza

A wata hira da aka yi a Unguwar Rimi, Kaduna, wasu da suka yi karatu a Ingila sun ba ƙaninmu shawarwari kan ziyarar St Just, ƙaramin garin bakin teku a yankin Cornwall na ƙasar Ingila. Sun ce jirgin ƙasa zai kai shi Penzance daga Landan cikin kimanin awa biyar, sannan ya hau bas.

Abin da suka fi jaddadawa shi ne mahaƙar kuza ta Geevor da ke kusa da garin, wadda aka rufe a 1990 aka mayar da ita gidan tarihi, inda baƙo ke sanya hular kwano ya shiga tsohon rami mai ɗigar ruwa, yana sunkuyawa saboda ƙuncinsa. Wani dattijo haifaffen Bukuru ya ce duk wanda ya san kududdufan kuza na Jos sai jikinsa ya yi sanyi a wurin, kuma na gaskata shi.

Game da tattaki a kan duwatsun gaɓar teku zuwa Botallack, wani ƙauye mai tsofaffin mahaƙai kusa da St Just, sun gargaɗe shi ya nemi takalmi marar santsi da rigar ruwa, kada kuma ya kauce daga turba, domin akwai tsofaffin ramuka ɓoye cikin ciyawa.