Maganin da ba lalura: me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Ina haɗa shirin lafiya na rediyo a nan Gombe, sai na ci karo da abin da likitocin Amurka ke kira "low-value care". Tun 2012 suka ƙaddamar da wani gangami mai suna Choosing Wisely, inda ƙungiyoyin likitoci suka riƙa lissafo gwaje-gwaje da magungunan da ake yawan rubutawa alhali ba su ƙara wa majinyaci komai. Kwana uku ke nan ina juya kalmar, ta ƙi zama.

Mu ma ai mun san abin. Yaro na mura, an ba shi kafso ja da yalo, alhali maganin kashe bakteriya ba ya taɓa mura. Mutum na ci yana sha, amma sai an yi masa ƙarin ruwa hankalin dangi ke kwanciya. Ciwon bayan mako ɗaya, an tura shi hoto. Ga kuma uwa-uba "maleriya da taifot", da ake yankewa da gwajin Widal guda ɗaya, gwajin da aka ƙirƙiro tun 1896, wanda shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot.

Da farko na rubuta "kulawa mai ƙarancin daraja". Da na karanta a fili, ni kaina sai da na yi dariya. Wa zai ji wannan a Tudun Wada ya gane?

Sai na koma "magani mara amfani". Wata yayata, nas ce da ta yi shekaru a ɗakin yara, ta ce: "Ƙanena, kada ka soma. Mai sauraro zai ɗauka jabu kake nufi. Ruwan da ka raina shi ke ceton yaron da gudawa ta tsotse. Maganin lafiyarsa ƙalau, wanda aka ba ne ba ya buƙata." Na ce Yaya, kin gama magana. Daga nan na gane duk kalmar da za ta ɗora laifi kan maganin ta kauce hanya.

Wani malaminmu na Hausa daga Bauchi ya kawo "almubazzarancin magani". Allah ya ƙara wa Malam lafiya, kalmar tana da nauyi, kuma ta kama ɓangaren kuɗi. Sai dai almubazzari dukiyarsa yake watsarwa, a nan kuwa har da cutarwa: ƙwayoyin cuta su saba da magani su daina jin sa, allura ta bar ƙurji. Kuma likita zai ji kamar wa'azi ake yi masa. "Ƙarin gishiri" ta burge ni, don gishiri abin kirki ne sai ya yi yawa, amma mun riga mun ba masu zuzuta labari ita.

Inda na tsaya shi ne "magani ba lalura", gwaji kuma "gwaji ba lalura". Ga dalilina. Masu binciken da ke auna yawan "low-value care" ƙidaya suke yi, ba zargi ba. Suna shiga bayanan majinyata da ke cikin kwamfuta, su tara duk yaran da aka rubuta musu mura a shekara, sannan su duba nawa ne aka ba maganin bakteriya ba tare da an rubuta nimoniya ko wani dalili ba. Ko su duba mutum nawa aka ba maganin maleriya babu sakamakon gwaji, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2010 a gwada kafin a ba da magani. Abin da suke nema a fayil ɗin shi ne lalurar. In babu ita, ya shiga lissafi. Kun ga kalmar ta zo daidai da aikin.

Yaya dai ba ta sake ni haka ba. Ta ce sau nawa likita ke ganin lalura da idonsa, layi ya yi tsawo, bai samu rubutawa ba? Kwamfuta za ta ce ba lalura, alhali akwai. Sannan abin da aka saya a kyamis ɗin unguwa ba ya shiga kowane fayil. Wannan gaskiya ne, shi ya sa a shirin zan ce "wanda ba a rubuta lalurarsa ba" duk inda ake maganar alƙaluma.

Saura sunan da za mu ba su bayanan majinyata na cikin kwamfuta. Malam ya ce "kundin lafiya na lantarki". Ni kuwa duk wanda na sani "kati" yake cewa: na yanki kati, katina ya ɓata. Don haka "katin asibiti na kwamfuta" na rubuta. Ma'aikatan ɗakin kati na Bauchi da Azare da Kaltungo, ku me kuke ce masa a bakin aiki? Ranar Alhamis za mu naɗi shirin.