Ruwan shawa a ɗakunan da aka daɗe ba a buɗe ba, da gaske yana sa ciwo?

Mai kula da masauki:
Salam 'yan uwa. Ina kula da wani ɗan gidan saukar baƙi a Kano, tankinmu baƙi ne na roba a saman rufi, da rana ruwan har ɗumi yake. Jiya wani baƙo ya kunna shawa a ɗakin da ya yi wata biyu a rufe ruwa ya fito ja-ja, ya kira ni ya ce in yi hattara da legionella, wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a cikin ruwa. Wlh na kasa barci saboda yaran da ke mana shara kullum suna cikin banɗakunan nan. Me zan yi dan Allah?

Ma'aikaciyar jinya:
Wslm Malam, baƙon nan ya yi maka alheri. Ba ta shan ruwa ake yawan ɗaukarta ba, feshin ruwan ne mutum ke shaƙa ya shiga huhu, bayan kwana 2 zuwa 10 sai zazzaɓi da tari da ciwon jiki, a nan kuma sai a ce maleriya ce a yi ta shan maganin da ba nata ba. A otal ma aka fara gano ta, Filadelfiya a Amurka 1976. Tsofaffi da masu shan sigari da masu ciwon suga sun fi shiga haɗari. Duk yaron da ya fara tari da zazzaɓi a kai shi asibiti a faɗa wa likita aikin da yake yi.

Mai gyaran famfo:
Oga matsalarka ruwa ne da ya kwanta. Tsakanin digiri 20 zuwa 45 ƙwayar cutar take hayayyafa, tankinka kenan a watan Afrilu. Ruwan sanyi a ƙasa da 20 a Kano ba zai yiwu ba gaskiya, to a yi wa tankin rumfa, a rufe bakinsa sosai, a zubar da ruwan a goge laka da santsin ciki da burushi a sa kulorin. Duk sati a sake famfo da shawa na ɗakunan da ba kowa na 'yan mintuna, amma na yau a kwance kan shawar tukun, a buɗe taga a saki ruwa a hankali kar ya yi feshi. Hita mai ɗumama ruwa kuma zafinta ya kai digiri 60. In akwai bututun da aka toshe bakinsa aka bari da ruwa a yanke shi daga tushe.

Mai kula da masauki:
Allah ya saka da alheri Hajiya, na gode maigida. To AC fa?

Mai gyaran famfo:
Na bango ba ya amfani da ruwa, ba damuwa sosai. Na'urar sanyaya ɗaki da ake zuba wa ruwa (kula) ita ce za ka riƙa juye wa ruwa kullum kana wankewa.