Yanke rubutu da lamba ya isa, ko sai an haɗa da wani abu?

Mai PHP: Jama'a ni dai na ce wahalar regex ɗin nan, wato rubuta wa kwamfuta siffar abin da za ta nemo a cikin rubutu, ta banza ce, in kana son ciro abu a cikin rubutu ka ƙirga wurinsa ka yanke kawai. Lambar waya ce, a PHP substr($lamba, 0, 4), wato yanke huɗun farko, ya ba ka 0803, ka san MTN ne, shikenan.

Hajiyar Excel: Tabɗi. To wanda ya rubuto +234803 fa, ai +234 za ka kwaso. Kuma tun 2013 ake ƙaura da layi zuwa wani kamfanin ba tare da canja lamba ba, 0803 ɗin naka ƙila Airtel ne yanzu.

Mai PHP: Hajiya wannan laifin mai cike fom ne, ba na yanka ba.

Ɗan Python: Oga gwada substr("ƙasa", 0, 1) ka dawo ka ba mu labari. Ba ƙ za ka gani ba, wata alamar tambaya ce za ta fito, don a UTF-8, tsarin adana haruffa a kwamfuta, ƙ da ɗ da ɓ kowanne byte (ma'aunin ajiya) biyu ne, shi kuma substr byte yake ƙirgawa ba harafi ba, wato ka raba harafin gida biyu kenan. Sai dai mb_substr, shi harafi yake ƙirgawa. Mu a Python 3 "ƙasa"[0:1] lafiya lau.

Na Maraɗi: Kai ma kar ka cika baki ɗan uwa. Mu nan ƴaƴa muke rubutawa, haruffa 4, ku a Najeriya 'ya'ya, 6. Yanke na farko a naku mu gani in ba waƙafin sama kaɗai za ka samu ba, Python ɗin ma ba zai cece ka ba.

Hajiyar Excel: Ni abin da ke ban haushi ma ƙirga daga sifili. MID, mai yanke rubutu a Excel, daga 1 yake farawa kamar yadda kowane mai hankali ke ƙirga kuɗinsa.

Ɗan Python: Haba Hajiya, a Python s[0:4] sai s[4:8], babu harafin da ya maimaitu babu wanda ya faɗi, tsawon kuma debewa kawai za ki yi. Masanin kwamfuta Dijkstra ya yi bayaninsa tun 1982.

Mai PHP: Duk na ji, amma kwanan wata irin 2024-05-17 wa zai ɗauko masa regex? Huɗun farko shekara ce ko a ina.

Na Maraɗi: Sai ranar da aka turo maka 17/05/2024.